Kurakuran da ke hana mu barci a daren bazara

Duk shekara, da zarar hunturu ya kau aka shiga watan Maris, sai in fara jin koke iri ɗaya daga matasan da suka kama haya a unguwarmu a Kano: an kwana ana juyi, fanka tana ta aiki amma gumi bai tsaya ba, an wayi gari da ciwon kai. Na gaji da maimaita amsa ɗaya baki da baki, domin kurakuran ba sa canzawa, masu yin su ne kawai suke canzawa.

Babban kuskure shi ne mutum ya bari sai dare ya yi sannan ya fara neman maganin zafi. A watan Afrilu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma bangon bulo da daɓen siminti da rufin kwano suna shan wannan rana tun daga hantsi, su riƙe ta, sannan su dinga amayar da ita cikin ɗaki har bayan tsakar dare. Shi ya sa za ka fita tsakar gida ka ji iska ta yi dama-dama, ka koma ɗaki ka tarar da shi kamar tanderu. Wanda ya bar tagoginsa a buɗe da rana da sunan shan iska, ya kuma rufe su da dare, ya juya al'amarin ne gaba ɗaya. Ni al'adata ita ce in rufe duk tagar da rana ke duka tun da safe, in rataya asabari ta waje, domin tare rana kafin ta taɓa gilashi ya fi labulen ciki amfani. Bayan isha'i sai in buɗe komai, in ajiye fanka a bakin taga tana jawo iskar waje, ƙofa kuma a buɗe don iskar ta sami mafita. Ɗakin da ba shi da silin kuwa, kuɗin da za a kashe a sa masa ya fi sayen fanka ta biyu.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya kusa halaka ni da iyalina, kuma har yau raina yana ɓaci idan na ga ana yin sa. A shekarar da na yi aure, an ɗauke wuta a wani dare mai tsananin zafi, na tayar da ƙaramin janareta don fanka ta juya, kuma saboda tsoron ɓarayi na shigo da shi baranda, daidai ƙarƙashin tagarmu. Wajen ƙarfe uku matata ta farka tana amai, ni kuma na yunƙura in tashi ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Da rarrafe na kai ƙofa na ƙwala wa maƙwabcinmu kira, shi ya kashe injin ya kai mu asibiti. A hanya abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Haba Malam, da iliminka?" Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, kuma mai barci ba ya jin shigarta. Don Allah, wane janareta ne ya kai ran mutum daraja? A kai shi fili, nesa da kowace taga da ƙofa, a ɗaure shi da sarƙa idan sata ake tsoro. Zaure da baranda da kicin duk cikin gida ne. Ni tun daga ranar na koma fanka mai caji, ban sake kwana da inji yana aiki ba.

Akwai kuma masu ɗora duk fatansu a kan fanka. Idan iskar ɗaki ta fi jiki zafi, wato ta haura digiri 37, fanka zafin take hura maka, sai fa idan fatarka da danshi. Saboda haka nakan watsa ruwan randa kafin in kwanta, ba na goge jiki sosai, in kuma jiƙa zanen auduga in matse in lulluɓe ƙafafuna. Wannan dabara tana aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe, amma ƙarfinta yana raguwa idan damina ta gabato, iska ta yi nauyi.

Sauran ƙanana ne. Katifar soso tana riƙe zafin jiki, tabarma ta fi ta a wannan lokaci. Rigar barci ta leda ba ta shan gumi. Tuwo mai nauyi da ƙarfe goma, da shayi ko goro bayan magariba, duk suna kore barci. Ruwa kuma da rana ake shan sa a kai a kai, ba a tara ƙishirwa sai lokacin kwanciya. Kada a cusa yara da yawa a ɗaki ɗaya a rufe, musamman da yake watannin nan ne lokacin sanƙarau.

Masu fita tsakar gida su kwana sun yi daidai, haka iyayenmu suka yi, sai dai da yawa suna barin gidan sauro a ɗaki wai yana tare iska. Gaskiya ne yana ragewa kaɗan, amma kwatamin unguwa ba ya bushewa, kuma da ruwan farko ya sauka sauro yake ƙaruwa. Nakan yayyafa ruwa a ƙasa da la'asar sakaliya don ta huce, in ɗaura gidan sauron da tsayi a igiyar shanya yadda ba zai taɓa jiki ba, in tura gefunansa ƙarƙashin tabarma kafin yara su kwanta.