Yadda ake haɗa bargo da guntattakin atamfa

Masu ta tambayata tunda sanyin Jos ya kunno kai, to ga shi:

1. Ki karɓo guntattakin atamfa wajen telanki ko telolin Taminus.
2. Ki wanke su daban-daban. Don Allah kar ki tsallake nan, wata atamfar zuba take, ja guda sai ta ɓata miki aikin gaba ɗaya.
3. Ki goge.
4. Ki yanki kwali inci 5 kowane gefe, shi za ki riƙa ɗorawa kina yanka.
5. Ki jera a ƙasa har kalolin su zauna.
6. Ki ɗinka layi-layi, fuska da fuska. Bakin ɗinkin ya zama daidai, in ba haka ba kusurwoyin ba za su haɗu ba.
7. Ki haɗe layukan.
8. Ki shimfiɗa zanin gado, tsohon bargo a tsakiya, aikinki a sama.
9. Ki ɗinke daga tsakiya zuwa gefe kar ya tattare.
10. Ki kalmashe bakin.