Shawara ga masu tsohuwar bindigar gado a gida

Jama'a, sallama. Gidaje da yawa, musamman na maharba da 'yan bindigar sarki, akwai bindigar toka ta kakanni da ake fito da ita a hawan sallah ko biki, yara na kallo suna murna.

Kafin kowa ya taɓa ta, a ɗauka tana da ɗuri. Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki tana iya shekara da shekaru da tsohon ɗuri a ciki, kuma ya tashi. A zura sanda cikin bututun, a yi alama, a fito da ita a gwada da tsawon bututun daga waje. In sandar ba ta kai ƙarshe ba, akwai abu a ciki. A kai wa maƙerin da ya san aikin, kada a ce za a harba don a fitar da shi.

Kada kuma a fasa harsashin zamani a juye garinsa a ciki. Ƙarfinsa ya fi na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, tsohon ƙarfe tarwatsewa yake yi a hannun mutum.

Bayan harbi a wanke bututun da ruwan zafi a ranar, don tokar albarushi tana jan danshi ta kawo tsatsa. A busar, a shafa mai kaɗan. Masu goge ta da yashi har ta yi ƙyalli, wallahi darajarta kuke ragewa.

Albarushi a ajiye shi daban, a kulle, nesa da kicin da yara. Lasisin 'yan sanda ma a nema, ko ta gado ce.