Yadda na gyara ƙuncin falonmu a Ɗorayi

Ciki da falo muke haya, falon ƙafa 10 ne da 12. Tun da aka jera kayan aure, in baƙi biyu suka zauna sai sun ɗaga ƙafa kafin a wuce.

Na fara zargin fenti, na sa aka mayar da shi ruwan madara. Haske ya ƙaru, amma matsin yana nan. Madubin da na sayo a Sabon Gari kuma kujerun kawai ya ninka.

Ashe ƙasa ce ta cushe. Na fitar da kujeru biyu da teburin tsakiya, na bar mai zaman mutum uku a jikin bango mafi tsawo. Kafinta ya kafa talabijin a bango, ya buga kanta sama da ƙofa don kuloli. Sandar labule muka ɗaga, saura inci 4 ta taɓa silin, muka ƙara mata inci 8 kowane gefe don kada labule ya tare taga. Sai darduma da tim-tim biyu daga Kurmi.

Jiya mu bakwai muka ci tuwo a ciki. Alhamdu lillahi, Allah ya saka wa kafintan da alheri.