Kwana 3 a Paris kai da abokinka, daga Jidda

To jama'a, in kuna Jidda kuna son leƙa Paris na kwana 3, fara da takardu: bizar Shengen ta shiga Turai, kuɗinta Yuro 90, sannan ka duba iƙamarka da sauran kwana, kar ka manta da huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa Saudiyya.

Jirgi kai tsaye wajen awa 6 ne. Tun kan ku tashi ku zauna ku daidaita, don wani mai son gidan tarihi ne wani kuma shago da hoto kawai ya sani, in ba haka ba wallahi sai kun yi rigima a bakin metro. Gidan tarihi na Louvre a rufe yake ran Talata, ku sayi tikiti ta intanet tun da wuri kar layi ya cinye muku safiya. Hasumiyar Eiffel kuwa ku bari sai dare, duk awa fitilunta na ƙyalƙyali na minti 5.

Sallah ku nufi babban masallacin Paris, tun 1926 yake. Abincin gida kuma unguwar Château Rouge. Takalmi mai taushi fa, tafiyar ƙasa ce kamar Safa da Marwa, waya kuma a aljihun gaba saboda 'yan sane.