Yadda Ake Koyon Salon Ƙira Domin Gina Manhajojin Manyan Kamfanoni

Salon ƙira, a wurin masu rubuta manhaja, hanya ce da aka sha gwadawa wajen warware wata matsala mai yawan dawowa, har aka laƙaba mata suna domin masu sana'ar su fahimci juna da kalma ɗaya. Tunanin ya fito ne daga fannin gine-gine, a ayyukan Christopher Alexander na wajejen 1977. A shekarar 1994 kuma Erich Gamma da Richard Helm da Ralph Johnson da John Vlissides suka tattara salo 23 a littafi guda: 5 kan yadda ake samar da abubuwan cikin manhaja, 7 kan yadda ake harhaɗa su, 11 kuma kan yadda suke mu'amala da juna. Masu koyo da yawa sukan ɗauki wannan jeri su haddace shi, alhali wanda bai taɓa cin karo da matsala ba ba zai gane amfanin maganinta ba.

Kafin komai, ka tabbata hannunka ya faɗa a harshen rubuta manhaja ɗaya kamar Java ko C# ko Python, ka iya SQL, wato harshen hulɗa da rumbun bayanai, ka kuma iya rubuta gwajin da ke duba kod da kansa.

Daga nan sai ka gina ƙaramar manhaja irin ta kamfani, misali wadda ke karɓar oda, ta rage yawan kaya a sito, ta fitar da takardar biya. Rubuta ta kai tsaye ba tare da tunanin wani salo ba. Idan ta fara aiki, sai ka riƙa ɗora mata irin buƙatun da kamfanoni ke zuwa da su: rangwame ga manyan masu saye, wani rangwamen na ƙarshen shekara, haraji da ya bambanta tsakanin kaya da kaya. Ba da jimawa ba za ka ga wurin lissafin farashi ya cika da sharuɗɗa masu sarƙaƙiya, kowace gyara tana ɓata wani abu dabam. A nan ne salon Dabara (Strategy) ke da ma'ana, wato ka ware kowace hanyar lissafi a ajinta (aji, ko class, ɓangaren kod ne mai aikinsa na kansa), dukkansu ana kiran su ta hanya ɗaya, manhajar ta zaɓi wadda ta dace.

Abin da ya bambanta manhajar kamfani da sauran manhajoji shi ne bayanai masu yawa da dole su daɗe, da mutane masu yawa da ke taɓa su a lokaci guda. Martin Fowler, wanda ya tattara salon wannan fanni a 2002, ya kasa irin wannan manhaja hawa uku: abin da mai amfani ke gani, da ƙa'idojin kasuwancin, da rumbun bayanai. A ganina wannan rabo ya fi duk wani salo muhimmanci, domin muddin umarnin SQL na cakuɗe da lissafin haraji, ba za ka iya gwada lissafin ba sai ka tayar da rumbun gaba ɗaya. Saboda haka ka tattara duk hulɗa da rumbun a bayan salon Ma'ajiya (Repository), inda ƙa'idojin kasuwanci za su ce “ba ni oda mai lamba kaza” ba tare da sanin inda ta fito ba. Sannan ka koyi salon Dunƙulallen Aiki (Unit of Work), wanda ke lura da duk abin da aka sauya ya adana shi baki ɗaya, ko ya fasa baki ɗaya, don kada a rage kaya a sito alhali ba a rubuta odar ba. Ba sai ka ƙirƙira shi daga tushe ba. Session na Hibernate (kayan aikin hulɗa da rumbu na Java) da DbContext na Entity Framework (takwaransa na C#) aikin da suke yi ke nan.

Akwai matsalar da ba ta bayyana ga mai gwaji shi kaɗai, don haka dole ka jawo ta da gangan. Buɗe oda ɗaya a tagogi biyu, ka gyara ta a kowanne, ka adana. Gyaran farko zai ɓace ba tare da wani gargaɗi ba. Maganin da aka saba shi ne a ba kowane layin bayani a rumbu lambar siga da ke ƙaruwa duk lokacin da aka adana; idan lambar da ke hannunka ta saɓa da ta rumbun, manhajar ta ƙi karɓa, ta sanar da kai cewa wani ya riga ka.

Ka yi hattara da salon Tilo (Singleton), wanda ke tabbatar da cewa abu ɗaya tak ake da shi a duk manhajar. Yana da sauƙin koyo, shi ya sa sabbin hannu ke son sa, amma yana ɓoye dogaron da sassa ke yi da juna, yana kuma wahalar da gwaji. Ya fi kyau a miƙa wa kowane aji abin da yake buƙata daga waje, kamar yadda Spring, wani kayan aikin gina manhaja na Java, ke yi. Haka nan, ba kowace manhaja ce ke buƙatar dukkan waɗannan ba. Idan ƙa'idojin kaɗan ne, tsarin Active Record na Rails (kayan aikin gina manhaja na harshen Ruby), inda abu ɗaya ke wakiltar layi ɗaya a rumbu kuma yana adana kansa, ya wadatar.

Duk salon da ka yi amfani da shi, ka rubuta matsalar da ta kai ka gare shi, da abin da ya sauƙaƙa, da nauyin da ya ƙara, domin kowane salo yana ƙara azuzuwa da hawa-hawa. Bayan manhajarka ta zauna, sai ka raba sashen fitar da takardar biya ya zama manhaja mai zaman kanta, ka haɗa su da layin saƙonni irin RabbitMQ, ka kuma tsara mai karɓar saƙon ta yadda ko saƙo ɗaya ya iso sau biyu ba za a caji mai saye sau biyu ba.