Yadda za ka gane inda manhajarka ke ciwo tun kafin mutane su goge ta

Wallahi ba abin da ke yaudarar mai haɗa manhaja kamar wayar hannunsa. Kana zaune a ofis a Wuse 2, ga wifi ga sanyi, wayarka RAM 8GB, komai na tafiya sumul, sai ka ɗauka haka abin yake ga kowa, alhali wanda ka yi dominsa yana cikin bas a cunkoson Nyanya da 'yar itel ɗinsa mai RAM 2GB, netwok na zuwa yana ɗaukewa. Shi kuma ba zai kira ka ya kai ƙara ba, goge ta kawai zai yi.

To fara da Crashlytics na Firebase, wato kayan aikin Google da ke kawo maka rahoto duk lokacin da manhajarka ta faɗi, kyauta ne. Ka haɗa manhajar da Firebase, ka sa SDK ɗin, wato kod ɗinsu da ake haɗawa cikin manhaja, sannan dan Allah ka jawo kirash ɗaya da gangan, wato ka sa manhajar ta faɗi ta rufe kanta, ka sake buɗe manhajar ka ga ko rahoton ya iso, saboda sai an sake buɗe ta yake aikawa. In kana matse kod da R8, wanda ke gajarta sunayen da ke cikin kod, ka tabbata fayil ɗin mapping.txt mai maido da sunayen asali ya hau Crashlytics, in ba haka ba rahoto zai zo maka da su a.b.c ka rasa gane kansa balle gindinsa. Na taɓa kwana biyu a kan wannan shirmen. Akwai Sentry ma, yana da kyau musamman in kana so ka ga kurakuran waya da na sabar a wuri guda, amma mai farawa Crashlytics ya ishe shi.

Daga nan sai Android vitals, rahoton lafiyar manhaja a cikin Play Console inda kake ɗora ta a Play Store, wannan ba ka sa komai, Google da kansa yake tattarawa. Lambobi biyu za ka riƙe: in masu cin karo da kirash suka wuce kashi 1.09 cikin ɗari na masu amfani a rana, ko masu cin karo da ANR suka wuce kashi 0.47, to ka tsallake layi, Play na iya rage nuna manhajarka. ANR shi ne daskarewar nan, mutum ya taɓa fuskar waya daƙiƙa 5 shiru, sai waya ta tambaye shi ya jira ko ya rufe. A wurina ya fi kirash haɗari, don kirash kan bar sawu a fili, shi kuwa wannan yawanci wani aiki mai nauyi ne ka ɗora wa babban zaren da ke zana fuska, karanta rumbun bayanai ko buɗe ƙaton hoto. Kuma kar jimillar ta ruɗe ka, tace ta waya-waya, akwai wani layin na kashi 8 ga kowane samfurin waya, sai ka ga jimilla lafiya lau amma wata Tecno guda tana ta faɗuwa, ita ce kuma a hannun mutanenka na Kubwa da Mararaba.

Sai maganar jinkiri. Firebase Performance Monitoring da kansa yake auna lokacin buɗewa, da kiran da manhaja ke yi wa sabar, da yadda fuska ke motsi. Buɗewar farko in ta kai daƙiƙa 5 Google na ɗaukarta ta yi yawa, ni dai ko 3 ba na yarda. Kowane hoton motsi milisakan 16 yake da shi, wanda ya wuce 700 kuwa daskararre ne. Amma daɗin abin shi ne ka sa naka ma'aunin a inda kuɗi yake, misali daga danna maɓallin biya zuwa fitowar rasit. Kuma kar ka tsaya kan matsakaici, duba waɗanda suka fi shan wahala a can ƙarshen jadawali.

Duk waɗannan suna gaya maka ne akwai ciwo, gano jijiyar sai ka koma kwamfuta. Profiler na Android Studio zai nuna maka abin da ke cinye CPU da RAM, LeakCanary na kama yoyon memori, wato RAM ɗin da manhaja ta riƙe ta ƙi saki bayan ta gama da shi, masu iPhone suna da Instruments a Xcode. Masu haɗa manhaja da Flutter ku buɗe DevTools, amma ban da awo a yanayin gwaji na dibog, ƙarya zai yi muku, ku yi a yanayin furofayil kan waya ta gaske.

Wayar gasken nan kuma ba taka ba. Leƙa kasuwar waya ta Banex ka sayi mai araha ko da ta hannu ce, ka mayar da netwok ɗinta 3G, ka cika ta da hotuna da su WhatsApp da TikTok yadda ta masu ita take, duk sabon bugu a kanta za ka fara gwadawa. In za ka saki kuma kar ka ba kowa lokaci guda, Play Console na barin ka fara da kashi 5 ko 10, ka zuba wa lambobin ido kwana biyu, in ANR ya ɗaga kai ka dakatar ka gyara.