Kafin ki sa kayan da ke cikin akwatin kaka

Tun shigowar watan Maris nake ganin 'yan matanmu na Jidda da Makka sun koma buɗe akwatunan kakanni, kowa na son shigar nan ta sakakkun kaya irin na da, riga mai faɗi, murjani a wuya, jakar fata a kafaɗa, wadda ake kira boho a Instagram. Wallahi abin yana min daɗi, don kayan nan wasu a ƙasa aka taho da su daga Kano da Sakkwato, aka ratsa Chadi da Sudan kafin a tsallako teku. Amma ɓarnar da ake musu ta yi yawa.

Wanda ya fi min ciwo shine wanki. Ki ɗauko zanen saƙi rinin shuni, irin na marinar Kofar Mata da ke Kano, wanda ya girmi mamanki, ki jefa a injin wanki da omo da ruwan zafi, wata ma har da Clorox wai yana warin ajiya. Ni ma na taɓa yi da zanen Hajiyarmu, ya fito ya koɗe, ɗinkin da ya haɗa ƙyallayen ya saki, har yau ban daina jin zafin abin ba. Saƙi siraran ƙyallaye ne aka haɗa da ɗinki, juyin inji yana raba su, shuni kuma dama yana zuba. Ruwan sanyi a roba, sabulu mara ƙarfi kaɗan, shi kaɗai ba tare da wasu kaya ba, kar ki murɗe, ki shimfiɗa shi a inuwa. In wari ne kawai ma ba sai an wanke ba, ki baza shi ya sha iska kwana biyu.

Sai murjani da azurfa. Mu mutanen turare ne, a gama shiri a fesa oud, a shafa humra, a tsaya kan bakhur, wato turaren wuta, duk da sarƙa a wuya. Murjani na asali daga teku yake, kuma abu mai tsami yana cin sa, shi ya sa masu goge shi da lemun tsami ko khal (vinegar) suke ganin ya dushe ya zama kamar alli, kuma ba ya dawowa. Turare da gumi ma suna kashe masa ƙyalli a hankali. Ki gama turarenki tsaf, ya bushe, sannan ki sa, in kin dawo ki share da ƙyalle mai laushi. Azurfa ita kuma baƙi take yi, a laimar Jidda kuwa da sauri, amma ba lalacewa bane, ƙyallen goge azurfa ya isa, kar ki kankare baƙin da ke cikin zanen don shi ke fito da adon. Kuma don Allah a duba zare! Zaren da aka shirya tsakiya da shi shekara hamsin ba zai ɗauki hidimar biki ba, ki sake shi tun a gida kafin ki tsinci kanki kina tsintar duwatsu a ƙasan hol.

Akwai masu riyal ɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, a jikin sarƙa, su ga an rubuta 1780 su ce ai tun shekarar aka yi shi. An ci gaba da buga shi da wannan shekarar har bayan nan da daɗewa, to ki kiyaye in mai shago a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, ya ɗora miki kuɗi saboda shekarar.

Wajen sawa kuma, kuskuren shine a kwaso komai lokaci ɗaya, saƙi da warwaro goma da murjani da ɗan kunne har kafaɗa. Masu hotunan Instagram da kike kwaikwayo bazararsu sanyi-sanyi ce, tamu zafi ne ke tasowa, in kin jera kaya hawa uku gumi zai jiƙa su ya bar tabo. Abu ɗaya na gado ya isa, murjanin a kan abaya ruwan ƙasa mara ado, ko saƙin a yafe a kafaɗa kan doguwar rigar auduga, ko jakar fatar kaɗai.

Almakashi kuwa, ki dakata. Kar ki kai zanen wa tela ya yanka miki abaya baki tambayi kowa ba, sau da yawa ba naki bane ke kaɗai, gwaggo da inna suna da haƙƙi a ciki, kuma in an yanka shikenan. Ki je ki zauna da su ki ce Gwaggo wannan na waye, a wane biki aka ɗaura shi, ki rubuta a takarda ki sa a akwatin. In tsarin ne ya burge ki, ki sayi sabon yadi a ɗinka miki irinsa.

In za ki mayar, kar ki ƙulle a leda, laima tana taruwa a ciki, fata ta yi fumfuna, zane ya yi ɗigo-ɗigo. Ki naɗe a farin ƙyallen auduga, azurfa daban, murjani daban, ki riƙa fito da su duk bayan wata uku ko huɗu kina canza wurin ninkin don kar ya tsage a nan.